Mayar Musu da Abarsu

A bencinan da ke bayan katangar filin besbol, wasan ƙwallon da ake doka da gora, na arewacin Chicago akwai wata doka da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma ko yaron goye ya san ta. In ɗan wasan baƙi ya maka ƙwallo ta tsallake katanga ta faɗo hannunka, to ba taka ba ce, miƙewa za ka yi ka wurga musu tsiyarsu cikin fili. In ɗan wasan gida ne ya doko ta, wannan kam rabonka ne, ka kai gida ka ɗora a kan talabijin. An taɓa samun wani bawan Allah da ya cusa ta baƙi a aljihu. Ihu aka yi ta yi masa, aka sheƙa masa giya a ƙeya, kuma tun daga ranar ba a sake ganin ƙafarsa a wurin ba.

Mitch Gorecki a kan bencinan nan ya tashi. Kakansa ya zauna a kai, ubansa Walt ya zauna a kai har ƙarshen ransa, yanzu kuma shi da yayansa Teddy ne ke ɗumama wurin. Gidansu kaf masu shuɗiyar hula ne, wato magoya bayan ƙungiyar gida. Sai ga shi Mitch ya rasa inda zai nemo mata duk faɗin ƙasar nan sai St. Louis, garin masu jar hula, waɗanda ba sa ga maciji da mutanen Chicago tun kafin a haifi uban kowa.

Matar dai, Marlene, ba ta da matsala. Matsalar ubanta ne, Otto Brinkmeyer, tsohon ma'aikacin kamfanin giya, mai baki kamar reza. Ranar ɗaurin aure da jar hularsa ya shiga hoto. Tun daga lokacin bai taɓa kiran Mitch da sunansa ba, sai dai "mai hular makoki", wai don masu shuɗiyar hula sun fi kowa sanin kukan rashin nasara. Shi kuma Mitch bai taɓa wuce "Mista Brinkmeyer" ba, yana faɗa yana cije baki.

To bana sai aka zo wasannin sili-ɗaya-ƙwale, ja da shuɗi suka faɗo wa juna a matakin farko, inda za su kara sau da dama a jere, wasan buɗewa kuma a Chicago. Da safen ranar Marlene ta tare Mitch a kicin, ta miƙa masa tikitinta.

"Da Baba za ka tafi," ta ce.

"Wa? Ni? Cikin mutanena, da wannan hular tasa? So kike a yi gunduwa-gunduwa da mu?"

"Gobe za a kwantar da shi, Mitch. Jibi za su buɗe masa ƙirji, kuma likita bai ɓoye min komai ba." Ta juya baya tana goge kofin da ya riga ya bushe. "Abu ɗaya ya roƙa, ya ga wasan yau. Kada ka gaya wa kowa, ka san ba ya son a tausaya masa."

Mitch ya shiga ɗaki ya ɗauko ƙwallon Walt ya sa a aljihun rigar sanyinsa.

Ƙwallon nan ita ce kaɗai gadon da 'ya'yan Gorecki suke ji da shi. Walt ne ya cafe ta da hannu tsura, Mitch yana ɗan ƙarami a kan wuyansa, har yatsa guda ya karye ya warke a karkace. Tsufa ya mayar da ita ruwan ƙasa-ƙasa, kalar shayi da madara. Duk shekarar da aka kai sili-ɗaya-ƙwale sai an zo da ita fili, in wasa ya yi tsami su biyun su shafa ɗinkinta da babban yatsa kamar yadda ubansu yake yi. Karɓa-karɓa suke yi wajen ajiyarta, bana a hannun Mitch take.

Tun daga matakala aka fara yi wa Otto ihu. Jar hula guda ce tal a cikin dubban shuɗi, kuma mai ita maimakon ya sunkuyar da kai, ɗaga hannu yake yi yana gaisuwa kamar mai neman ƙuri'a. A hannunsa na hagu akwai wata tsohuwar safar kama ƙwallo, fatar duk ta tsattsage.

Teddy yana ganinsu ya ajiye kofin giyarsa. "Mitch, me ka kwaso mana? Ina Marlene?"

"Ba ta jin daɗi."

"Shi ne ka kawo mana annoba? Tsoho, wannan safar taka ta taɓa ganin ƙwallo kuwa, ko dankali kake ɗauka da ita daga tanda?"

"Tun ina ɗan makaranta nake zuwa fili da ita," in ji Otto, yana zama da kyar. "Ba ta taɓa kamawa ba. Yau za ta kama. In kuwa ta kama, ku tara duk 'yan iskan bencin nan, ba mai sa ni in mayar."

"Za mu wurga ka tare da ita."

"Ku da ba ku iya wurga komai ya kai inda aka nufa ba?"

Na kusa suka yi dariya ba don sun so ba. Wata mata a baya ta ce ai akwai dabara, wasu kan zo da ƙwallon kanti a aljihu, in ta baƙi ta faɗo musu sai su yi musanya su jefa ta bogi. Teddy ya yi tsaki, ya ce masu yin haka munafukai ne, gara ma wanda ya riƙe a fili kowa ya san shi maci amana ne.

Aka fara wasa. Iska mai sanyi tana tasowa daga tafki tana shiga har ƙashi, amma ba wanda ya kula. Masu jifa na ɓangarorin biyu sun zo da shirinsu, duk wanda ya ɗauki gora ya tsaya sai ya koma yana girgiza kai. Zagaye ya bi zagaye ba wanda ya ci ko ɗaya. Surutu ya ragu a bencina, masu sayar da gyaɗa suna wucewa ba mai kiransu. Shi kuwa Mitch rabin hankalinsa yana fili, rabi yana kan numfashin surukinsa, wanda yake fita da wani ɗan sauti da bai so ba. Ya tambaye shi ko zai sha ruwa.

"Ka kula da makokinka," in ji Otto.

A zagaye na bakwai wani ƙaton ɗan wasan ja ya shigo. A jifan farko ya bar ƙwallon ta wuce. A na biyu ya sake mata gora, ƙarar ta tashi ƙwas, irin wadda ko makaho ya ji ya san ta tafi. Filin ya yi tsit. Ƙwallon ta yi sama, ta yi sama, sannan ta fara saukowa, kuma ba ta nufi kowa ba sai su.

Otto ya miƙe. Mitch bai san tsohon yana da sauran wannan zafin nama ba. Ya ɗaga safar, ƙwallon ta faɗa tsakiyarta daidai, sai dai hannun ba shi da ƙarfin da zai rufe. Ta yi tsalle ta fice, ta bugi ƙirjin Mitch, shi kuma ya rungume ta ba tare da ya yi niyya ba.

"Mayar musu! Mayar musu da abarsu!"

Daga baya aka fara, nan da nan bencinan gaba ɗaya suka ɗauka, ana buga ƙafa har katakon yana rawa. Teddy yana dukan kafaɗarsa yana ihu a kunnensa. Mitch ya miƙe, ƙwallon fara sol a hannunsa, da ɗan tabo inda gora ta same ta. Sau nawa ya yi mafarkin wannan ranar, ya ga kansa yana wurga ta har tsakiyar fili ana tafa masa.

Sai ya dubi gefensa. Otto ya koma ya zauna, yana kallon cikin safar da babu komai. Bakin nan da ba ya mutuwa ya mutu. Ya ɗago, idanunsa sun yi ja, ya ce a hankali, "Jefa. Na san dokarku. Ai ni na sake ta."

Tausayi ya kama Mitch, tausayin mutumin da ya shekara yana jin haushinsa, kuma ya ji haushin tausayin ma. In ya miƙa masa ƙwallon nan a gaban jama'a, sun gama zama a bencin nan, shi da Teddy da sunan Gorecki, kuma ba shi da tabbas giya kaɗai za a sheƙa wa tsoho mai ciwon zuciya. In kuma ya jefa, jibi za a tura mutumin nan ɗakin tiyata da abin da ya gani a cikin safarsa yanzu.

"Me kake jira? Jefa mana!" in ji Teddy. Wani kofin roba ya wuce ta saman kansu.

Mitch ya ture hularsa ta faɗi ƙasa. Ya sunkuya kamar zai ɗauka, hannunsa ya shiga aljihu ya fito. Da ya miƙe sai ya ja baya ya yi jifa da duk ƙarfinsa, bai bari kansa ya yi tunani ba.

Wurin ya ɓarke da sowa. Ƙwallon ta faɗi a kan ciyawa ta gangara. Mai tsaron bayan fili ya tako ya ɗauka, ya ɗan juya ta a hannu kamar mai mamaki, sannan ya cilla ta can cikin 'yan kallon gefe, hannuwa suka yi mata caa. Mitch ya bi ta da ido har ya daina gane inda take.

Kowa yana bubbuga masa baya ban da Teddy.

"Wadda ka jefa ba fara ba ce," in ji Teddy, murya ƙasa-ƙasa.

Mitch ya zauna. Ya zura hannu ta ƙarƙashin rigar sanyin Otto, ya sa farar ƙwallon a cikin safar, ya matse masa yatsun a kai.

"Mitch. Ina ƙwallon Baba?"

"Za mu yi magana a gida."

"Ta Baba ka jefar? Saboda wannan? Ba taka ba ce kai kaɗai. Ko tambayata ba ka yi ba."

Gaskiya Teddy ya faɗa. Teddy ya matsa can ƙarshen benci har ya bar gurbin mutum guda a tsakaninsu, kuma a wannan cunkoson gurbin ya fi komai fitowa fili. Otto ya ji komai. Bai ce na gode ba, bai yi tsokana ba, ko murnar cin da 'yan garinsa suka yi bai yi ba. Ya dai rungume safar a ciki yana kallon gabansa.

Haka aka kai zagayen ƙarshe, ja na gaba da ci ɗaya. 'Yan gida biyu suka samu shiga, suna tsaye a cikin fili suna jiran wanda zai doka su ƙarasa gudu zuwa inda ake cin maki, wurin da ake kira gida, amma saura mutum ɗaya a fitar wasa ya ƙare. Kowa ya miƙe tsaye. A jifan farko mai gora ya kai duka ya sami iska. Na biyu ma haka, in ya kuskure na uku an fitar da shi. Wata tsohuwa a gaba ta rufe fuska da hula tana addu'a.

Hannun Teddy ya miƙo da kansa wajen aljihun Mitch, kamar yadda ya saba, ya taɓa ya ji wayam. Ya janye kamar ya taɓa wuta.

Sai Otto ya ɗan buɗe rigarsa, ya turo safar tsakaninsu.

"Ku shafa," ya ce. "Maza, kafin in dawo cikin hankalina."

Mitch ya ɗora babban yatsa a kan ɗinkin. Teddy bai juyo ba, idonsa yana fili, haƙoransa a cije. Mai jifa ya ɗaga ƙafa. A daidai nan hannun Teddy ya ratso gurbin ya sauka kusa da na ƙaninsa.

Ƙwas! Ƙwallon ta tsaga tsakanin masu tsaro biyu ta gangara har katanga. Na farko ya iso gida, na biyu ya biyo shi ya zube da ciki cikin ƙura, alƙalin wasa ya baje hannuwa alamar ya tsira, shuɗi sun ci biyu da ɗaya. Filin ya kama girgiza, giya tana sauka daga sama, mutanen da ba su san juna ba suna rungumar juna suna kuka.

Da hayaniya ta ɗan lafa Teddy ya share fuska da hannun riga. Bai dubi Mitch ba. "Kada ka ɗauka na yafe maka," ya ce. Sannan ya nuna Otto da yatsa. "Kai kuma tsoho, gobe ka dawo da ita. Nan za ka zauna, da wannan mummunar hular, kada ka canja ko safar ƙafa."

"Gobe a asibiti zan kwana," in ji Otto.

Teddy ya dubi Mitch, ya dubi tsohon, ya sauke yatsan.

Otto ya ciro ƙwallon daga safar. Ya daɗe yana juya ta, yana shafa tabon gorar. Sannan ya jawo rigar Mitch ya cusa ta a aljihun da ta Walt take zama, ya danna da tafin hannu.

"Aro na ba ka, Mitch. Ka ji ko? Aro. Zan zo in karɓi abata."

"Na ji, Baba," in ji Mitch.

Ya kama shi ta hannu ɗaya. Teddy ya zagayo ya kama ɗayan, suka fara sauka da shi a hankali.