Layi na Biyar daga Teku

A takarda, gidan Setonji Hunkpatin yana layi na biyar daga bakin teku. In ka tsaya a ƙofar gidan kuwa ka juya kudu, layi ɗaya tal za ka gani tsakaninka da ruwa, shi ma rabinsa kango ne. Sauran ukun teku ta cinye su ɗaya bayan ɗaya cikin shekara talatin, har da cocin katako da rijiyar da matan unguwa ke wanki a bakinta. Kowa a wannan ɓangare na gabashin Kwatano ya san haka, kuma kowa ya san ba maganar da ake kai wa ofis ba ce. Muddin ba wanda ya taɓo taswirar, su 'yan layi na biyar ne.

Setonji, wanda unguwa ke kira Papa Fifame da sunan 'yarsa da ke aure a Faraku, ya yi shekara talatin da ɗaya yana rubuta nauyin kaya a tashar jiragen ruwa. Mutum ne da ya yarda da hatimi fiye da yadda ya yarda da idonsa. Ko rediyo ya saya sai ya adana takardarta a cikin leda. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, amma yana da irin taurin kan mutumin da bai taɓa karya doka ba, yana kuma so a san da haka.

A farkon damina matarsa ta zame a banɗaki. Tsohon banɗaki ne a kusurwar tsakar gida, daɓensa ya yi gansakuka, masansa na tsuguno. Ƙashin ƙugunta ya tsage. Da aka sallamo ta daga asibiti, likita ya ce ba ita ba tsuguno har abada. Tun daga ranar Setonji ke kai mata bokiti ɗaki, yana fitarwa, yana wankewa. Bai taɓa yin tsaki ba. Ita ce abin ke ci. Maman Fifame mace ce mai tsafta har ta yi yawa, wadda ta yi shekaru tana sayar da akasa, wato tuwon ƙullun masara, da soyayyen kifi ba a taɓa ganin ƙuda a tirenta ba. Duk sa'ad da ya shigo da bokitin sai ta juya fuska bango.

Ya kira Gbenu magini, wanda suka taso tare, mai ce masa Fofo, wato yaya, ya nuna masa abin da yake so: a fasa ƙofa daga ɗakin kwana, a sa masai na zama, a shimfiɗa tayil marar santsi, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a haƙa sabon ramin ruwa.

Gbenu ya zagaya wurin yana ƙwanƙwasa bango da bayan cokalin gininsa. "Aikin sati biyu ne, Fofo. Ranar Asabar in kawo siminti."

"Sai na karɓo takardar izini."

Gbenu ya dube shi, ya yi dariya, da ya ga shi kaɗai ke yi sai ya bari. "Izinin me? Wurin kashi?"

"Za a fasa bango, za a haƙa rami. Doka ta ce a nemi izini."

"Fofo, ɗaki nawa na ƙara wa mutane a layin nan? Har bene na ɗora wa Kosi tela. Ka taɓa ganin wani ya je ofis? In ka kai takarda, za su buɗe taswira. In suka buɗe taswira, za su turo mai awo."

"Su turo mana. Filina da takardarsa, ba sata na yi ba."

"Ba wanda ya ce ka yi sata. Teku ce ta yi, amma kai za a kama."

Setonji ya ce shi ba zai tsufa yana gini a ɓoye kamar mai tuya da man sata ba. Washegari ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya hau babur ɗin haya ya haye gada.

Ofishin ba abin da ya yi masa na rashin kirki, wannan ma shi ya fi ba da tsoro daga baya. Matar da ke karɓar takardu ta ba shi kujera, ta kira shi Papa, ta yaba yadda ya jera komai: takardar fili, zanen banɗakin, hoto biyu. Ya ji daɗi har cikin ransa. Sannan ta jawo wani dogon aljihun tebur ta zaro taswirar unguwarsu, wadda ta yi ja don tsufa, ta bi da yatsa.

"Ga ku nan. Mita ɗari huɗu da goma daga ruwa." Ta ɗago kai. "Awon ya daɗe. Tunda akwai ramin ƙazanta a aikin, sai safiyo, mai awon fili, ya je ya tabbatar. Ka'ida ce kawai, Papa."

A kan taswirar ya ga layukan nan uku, kowane gida da lambarsa, tsaf, kamar mutanen na ciki suna shan koko. Ya ga gidan da aka yi bikin aurensa. Ya buɗe baki zai ce wani abu, sai ta buga hatimi a kan takardarsa, ƙarar ta yi masa daɗi kamar kullum, ya rufe bakin.

Kafin ya iso gida labari ya riga shi. Ba wanda ya zage shi. Kosi tela, da kullum sai ya tsokane shi a kan farar rigar, ya sunkuyar da kai kan kekensa. Masu dara a gindin kwakwa suka amsa gaisuwarsa a gajarce. Da yamma Tanti Ablawa ta shigo da kwanon miya don marar lafiya. Tsohuwa ce da ta fara zama a layi na ɗaya, ta koma na uku, yanzu tana haya a ɗaki guda jikin katangarsa. Ta ajiye kwanon, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Papa Fifame, an ce ka gayyato mana baƙo."

"Awo kawai zai yi, Tanti."

"Sau biyu ruwa ya tashe ni. Shi ruwa yana ba mutum lokaci, yau ya ci katanga, baɗi ya ci kicin. Kana gani, kana shiri." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Mai takarda ban san yadda nasa yake ba."

Kwana goma sha tara safiyo bai zo ba. A kwanakin nan Setonji ya fara jin teku. Shekara talatin yana kwana yana tashi da ƙararta har ya daina ji, yanzu kuwa ko shayi yake sha sai ya ji dukan ruwan a ƙafar kujera. Ya lura da gishirin da ke fitowa fari a gindin bangon ɗaki. Ya lura ƙofar kicin ta daina rufuwa daidai. Sau biyu ya shirya zai je ya janye takardar, sau biyu ya tuna an riga an ba ta lamba, abin da aka ba lamba kuwa ya fi kowa sanin ba ya ɓacewa. Tsoro ya kama shi sosai, bai kuma gaya wa kowa ba.

Matarsa kullum tambayarta ɗaya. "Takardar ta fito?"

"Tana hanya."

"Ka ce wa Gbenu tayil ɗin ya zama shuɗi. Fari yana nuna datti."

Safiyon ya zo ranar wata Talata da hantsi, shi kaɗai a kan babur, dattijo mai furfura da ladabi. Ya gaida marar lafiya ta taga. Ya nemi shebur ya haƙa ɗan rami a inda za a yi sabon ramin ruwa. Bai kai zurfin gwiwar hannu ba ruwa ya taso. Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya tofar. Ya kankare bangon banɗakin da makulli, simintin ya zubo kamar gari, rodin ciki ya fito ja wur da tsatsa.

"Da yashin bakin teku aka yi ginin nan?"

"Duk unguwar da shi aka yi," in ji Setonji. "A lokacin amalanke muke turawa mu ɗebo. Ga shi nan a banza."

"Haka ne. Ko'ina haka aka yi." Ya zaro igiyar awonsa. "Papa, abokin aikina bai samu zuwa ba. Ko za ka riƙe mini bakin nan? Ka danna shi jikin katangarka, kada ka saki."

Setonji ya riƙe. Safiyon ya bi lungu yana warware igiyar, ya wuce gidan Tanti Ablawa, ya ratsa kangon layi na huɗu, ya hau tudun yashi. Mutane suka firfito ƙofar gidajensu suka tsaya. Ba safiyon suke kallo ba. Shi suke kallo, tsaye da farar riga, ya danne bakin igiya a bango da babban yatsa, yadda aka ce ya yi. Igiyar mita ɗari ce, daidai tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gida da ruwa. Ya yi ta addu'a a zuci ta ƙare kafin a kai ruwa, a ce masa ya matso a sake jan wata. Yana ji tana gudu a hannunsa, sai ta tsaya. Can ya hango mutumin ya sunkuya inda kumfa ke taɓa takalminsa, ga sauran igiya da yawa a naɗe a hannunsa.

Da ya dawo, Setonji ya tambaye shi da ƙaramar murya, "Nawa?"

"Sittin da biyu."

"Ba za a iya barin na dā ba? Banɗaki ne kawai. Matata ce ba ta iya tsuguno."

Safiyon ya daɗe yana naɗe igiyarsa. "Papa, da ban zo ba, da ban gani ba. Yanzu na zo, kuma mutum hamsin sun ga na zo." Ya rubuta lambar a littafinsa. "Allah ya ba Maman lafiya."

Daga ranar kwanon miyar Tanti Ablawa bai sake shigowa ba. Setonji ya ci gaba da fitar da bokiti safe da yamma, yana bi ta bayan gida don kada ya haɗu da kowa.

Bayan sati biyar aka kira shi a waya ya zo ya karɓi takardarsa. Da ya je, matar nan ta miƙo masa ambulan da murmushi: an ba shi izinin gyaran banɗaki, ban da sabon rami, sai dai ya haɗa da tsohon. Hatimi uku, sa hannu biyu, izinin na aiki har wata shida. Ya tambaye ta maganar awon. Ta ce wannan ba teburinta ba ne, an tura wa masu kula da gaɓar teku, su ke da nasu aikin. A kan babur yana dawowa har ya fara jin sanyi a ransa. Ya ce a zuci, ga shi nan, wanda ya bi ƙa'ida ba ya kunyata.

Tun daga bakin layi ya ji warin fenti. Gidan Kosi tela ne na farko: an zana babban gicciye ja a bango, ƙarƙashinsa an rubuta kwana casa'in, wa'adin tashi kafin a rushe. Gida na biyu haka, na uku haka. Ƙofar Tanti Ablawa ƙarama ce, gicciyen bai samu wuri ba sai da ya hau kan taga. Tana zaune a kan turmi a waje, hannuwanta a cinya, ba ta ɗago ba. Gida goma sha bakwai ya ƙirga kafin ya iso nasa. A nasa, masu fentin sun zaɓi bangon da ya fi fuskantar hanya, wato bangon banɗakin, fentin bai ma bushe ba.

Gbenu na tsaye a wurin. Ba cokalin gini a hannunsa, ƙarfen ɓamɓare ƙusa ne.

A unguwar nan, in teku ta iso gidan mutum, maƙwabta ne ke taruwa da safe su cire masa kwano da ƙofofi da tagogi, su ɗora a amalanke, mata su dafa abinci. Setonji da kansa ya hau rufin mutane ya fi sau goma.

"Na zo in ji ranar da kake so a sauke kwanon, Fofo," in ji Gbenu. "Ka zaɓa da wuri. Wannan karon layin ne gaba ɗaya, kowa nasa rufin zai hau. Ni kaɗai za ka samu, ni ma don Maman ne."

Setonji ya dubi ambulan ɗin da ke hannunsa. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya rasa inda zai sa takardar, aljihun rigar ya yi mata kaɗan.

Daga cikin ɗaki muryar matarsa ta fito. Gadonta ba ya kallon hanya.

"Papa Fifame, kai ne? Ta fito?"

"Ta fito."

"Madalla. Muryar Gbenu nake ji? Ka ce masa ƙarfen dafawar ya sa shi ta hannun dama, hagun ba ta da ƙarfi." Sannan ta ƙara da 'yar dariyar da ya kwana biyu bai ji ba. "Kuma yau ka bar bokitin nan a waje ya sha rana. Ya kusa hutawa."

Gbenu ya mayar da ƙarfen ɓamɓare ƙusar bayansa, kamar tana iya ganinsa ta cikin bango.