Almakasan Mai Aski

Shekara uku ke nan da amosanin gaɓɓai ya kama mijinta. Mai aski ne, kuma duk faɗin jikin nan ciwon bai ga wurin zama ba sai yatsu. Da safe sai ta jiƙa masa hannu a ruwan ɗumi kafin ya iya riƙe kofi. Da aka ɗora shi a kan magani kumburin ya sace, yatsun suka saki, dangi suka yi ta barka. Ita kaɗai ce murnarta ba ta kai ciki ba, domin ita ke kwana da tashi da shi.

Mutumin da ke aske kai ɗaya cikin labari uku, wanda in ya fara zuba ko rediyo sai ta saurara masa, shi ne yanzu zai wuni bai ce uffan ba. Yau ya yi faɗa a kan cokali, gobe ta tarar da shi yana hawaye. A shago ya juya kujerar aski ta ba madubi baya, wai haske ke damunsa. Ta san fuskarsa da maganin ya kumbura ce ba ya son gani.

Ranar Litinin ya wasa almakasansa huɗu, ya shafa musu mai, ya naɗe a tawul, ya miƙa mata ya ce ta ba ƙaninsa in ba ya nan. Ta tambaye shi ina za shi.

"Kun dai kusa hutawa da ni," ya ce.

Tsoro ya kama ta ƙwarai. Ta jefa ƙunshin a jaka, ta kwashe sauran rezoji ta ɓoye, ta ƙudura a ranta cewa ranar Laraba, ranar komawarsa asibiti, da ita za a ga likita.

A asibiti ya saba barin ta a kan benci tana gadin jaka, ya shiga shi kaɗai, ya fito ya ce an ce da sauƙi. Yau da aka kira lambarsa sai ta miƙe. Ya harare ta, ta yi kamar da bango yake, ta riga shi shiga.

Likitar mace ce mai saurin aiki. Ta kama hannunsa tana danna gaɓɓan ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya ko da zafi, yana cewa babu. Ta duba takardar gwajin jini ta yaba, har ta ɗauki biro za ta rubuta masa maganin wata uku. Sai matarsa ta kwance tawul ɗin a kan tebur. Ta ce:

"Likita, kin duba hannun. Saura mai hannun."

Ta zayyana komai, har da kujerar da maganar Litinin. Yana ta zungurin ƙafarta, ita kuwa ta janye ƙafar ta ci gaba.

Likita ta ajiye biro, ta juyo da kujerarta ta fuskance shi. "Malam, ka taɓa tunanin raba kanka da duniya?"

Ya kalli yatsunsa. "Sau biyu," ya ce.

Likita ta yi masa bayani a natse, cewa ciwon kansa da doguwar jinya suna iya danne zuciya, kuma ƙaramar farar ƙwayar da yake sha da safe takan birkita wa wasu yanayi. Ta ja masa kunne kada ya daina sha kai tsaye, ita za ta rage masa a hankali. Sannan ta ce yau ɗin nan zai ga likitan ƙwaƙwalwa a bene na biyu. Ya murtuke ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Matarsa ta ce ba wanda ya ce, kuma ƙafarsa ƙafarta.

A kan matakalar benen ya tsaya yana haki, ya dubi jakarta.

"Almakasan nawa fa?"

"Suna wajena, Baban yara. Ba zan ba ƙaninka ba, kai ma ba yanzu ba. Ranar da ka sake isata da surutu zan miƙo maka."

Bai yi dariya ba. Amma ya miƙo mata hannun, ta kama shi a hankali ta wajen da ba ya ciwo, suka ci gaba da hawa.