Saura Maɓalli Biyu

"Ba ta san abin da take faɗa ba," in ji Direba, yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. "Tun safe maɓalli kawai take kira."

Malama, mai allurar rigakafi a ƙaramin asibitin unguwa, ta durƙusa gefen katifar mahaifiyarsa. Shekara tara bango ɗaya ne tsakaninta da Iya mai ɗinki, ƙarar keken tsohuwar ce ma ke tashinta da safe. Yau keken na lulluɓe da zane.

"Iya, ni ce."

Tsohuwar ta buɗe ido da ƙyar, ta nuna labulen ƙofa da haɓa. "Saura biyu," ta ce.

A gefen labulen maɓallai biyu ne ke reto, ja da baƙi, sama da su kuma guntayen zare a jere. Malama ta san zancen sarai.

Watannin baya, bayan allura ta uku, jikar Iya, wadda kowa ke kira Kumatu, ta yi zazzaɓi. Direba ya yi ta faɗa kamar zai ɗaga rufin gida, ya ce 'yarsa da allura har abada. Matarsa ba mai ja da shi ba ce. Iya kuwa, wadda ƙyanda ta taɓa kashe wa ɗiya, ta lallaɓo wurin Malama da katin yarinyar.

"Wannan rubutun naku tafiyar tsutsa ce a wurina. Yaushe ne ta ƙyandar?"

"Mako ashirin da huɗu. Iya, ba kina da maɓallai ba? Ɗinka ashirin da huɗu, duk Talata ki yanke ɗaya. Ran da suka ƙare, ki kawo min ita."

"Ke dai da tela kika zama da kin huta," in ji Iya tana dariya.

Kafin rana ta faɗi Iya ta cika, salin alin, hannunta cikin na Malama. Malama ta yi kukan maƙwabciya, ta kuma yi na tsoro: wa zai kawo Kumatu yanzu?

Sai da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa ta sami Direba yana wanke mota. Ta shirya dogon bayani, amma da ta ga idanunsa sai ta ajiye shi.

"Baban Kumatu, haƙuri na zo ba ka. Ranar allura ta ukun nan layi ya yi min yawa, ban gaya muku zazzaɓi na iya biyo baya ba, ban faɗi abin da za a yi ba. Ko ni ce zan tsorata."

Bai ɗago ba. Ta ba shi labarin labulen, ta ce Iya da hankalinta ta rasu. Ya matse tsumma, ya ce, "Na ji." Shi ke nan.

Talata ta biyu, a asibiti, Malama ta kasa zama wuri ɗaya. Layi ya ƙare, benci ya zama wayam, mai shara har ta fara kifa kujeru. Tana jawo murfin akwatin sanyi na allurai ke nan ta ji ƙarar birki.

Direba ne, ya rungumo Kumatu a karkace kamar buhu, matarsa na biye da kati. Ya buɗe tafin hannu ya ajiye jan maɓalli a kan tebur.

"Da kaina na yanke. Malama, zazzaɓin nan, in ya zo, me za mu yi?"

Ta zaunar da su, ta yi bayani dalla-dalla, ta sa ya maimaita. Da ta ɗauko allura, ƙaton nan ya juya fuska ga bango.

"Ki yi sauri don Allah, ni ban iya kallo ba."

"Ai an gama tuni," in ji matarsa, tana danne dariya.

Kumatu ta callara ƙara ɗaya, ta koma tsotsar kwalar rigar ubanta. Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Malama, irin wanda ta manta da shi tun rasuwar.

Bayan sun tafi ta share tebur, ta bar maɓallin inda yake, da guntun zaren Iya a jikinsa.