Jiƙaƙƙen Buhu a Kan Lissafin Zakiyya

Alhaji Khalilu ya shekara talatin yana noman tumatir a Watari, kuma abin da ya sani game da zafi ɗaya ne: in kwando ya sha rana, a jiƙa buhu a rufa masa.

'Yarsa Zakiyya ta dawo daga jami'a da kwamfuta, ta jona ta da sola a ɗakinta. Wai lissafi take yi na yadda zafi ke fita daga cikin duniyar Mars, da lokacin da duwatsunta suka daina aman wuta. Kwana huɗu na'urar za ta yi ba tsayawa. Ranar Litinin za ta kai wa malamanta sakamako, in ta kuskure sai baɗi.

"Ke da ko garin Kunci sai an matsa miki kike zuwa, me ya kai ki Mars?" in ji Alhaji.

"Baba, ni dai kada kowa ya taɓa min ita."

Ranar Asabar ta bi uwarta Kulu gidan suna. Alhaji ya leƙa ɗakin, ya ji abar tana huci, ya ɗora hannu, zafi kamar murfin tukunya. Tausayi ya kama shi. Ya jiƙa buhu ya lulluɓe ta, ya tafi gona da ransa fari.

Da la'asar ya dawo ya tarar kwamfutar ta yi tsit. Ya zare buhun ya shanya a bayan danga.

Da Zakiyya ta dawo ta danna, ta sake dannawa. Ba ta yi kuka ba. "Tasi'u mai haɗa sola ne," ta ce. "Na faɗa masa wutar nan tana rawa."

Aka kira Tasi'u. Magidanci guda, ga shi durƙushe yana bin waya yana rantsuwa, Kulu na kansa: "Ka cuci yarinya, ka cuce mu!" Alhaji, da dillalan tumatir ba su taɓa rufe masa baki ba, ya tsaya kamar an dasa shi.

Can ya zaga bayan danga, ya dawo ya ajiye buhun a gabansu.

"Ku ƙyale bawan Allah. Ni na rufa mata."

Zakiyya ta daɗe tana kallon buhun. "Baba, ta 'yan ƙofofin nan take shan iska."

"Gobe da sassafe mu tafi Kano wajen mai gyara. Tumatir ya ruɓe a gona, ban damu ba."

"Ko an gyara, kwana huɗu take buƙata," ta ce a hankali. "Litinin jibi ce."

Alhaji ya sunkuya ya ɗauki buhun. Har yanzu da sauran danshi.