Lamunin Ɗan'azumi

Da hantsi motar 'yan sanda ta kwashe marasa iƙama, wato takardar izinin zama, a unguwar Sa'alaba ta ƙasa mai tsarki, har da iyalai bakwai da Ɗan'azumi ya jagoranto daga Sudan. Shi takardarsa lafiya lau. Ya roƙi askari, ɗan sandan da ke tsare da su, ya sake su har muryarsa ta dushe, aka ce, "Halas, magana ta ƙare, jirgin ruwa za su hau a mayar da su gida."

Matarsa Barakatu ta riƙe masa riga tana kuka. "Malam, kai fa ba a kama ka ba!"

"Shugabannin Bani Isra'ila goma sha biyu, kowanne lamunin jama'arsa ya ɗauka gaban Allah," ya ce. "In aka tambaye ni mutanen nan, me zan ce?"

Ya haye motar. Barakatu ta bi su da gudu har ta faɗi.