Shingen Suri na Biyu

Suri biyu ne a gonar Malam Gide da ke bayan Pauwa, kuma tun bara suka tsone masa ido, don garar cikinsu ta cinye masa karan dawa tas. Bana ya ci alwashin tone su. Abin da ya riƙe masa hannu 'yarsa ce Amatullah, mai karatun ƙwari a jami'a, wadda aikin kammala karatunta ya rataya a kan surin nan biyu.

Ita fa ba ta da shakka ko kaɗan. Ta yi masa bayani cewa shinge, wato gara mai fiffike da ke fitowa bayan ruwan sama, fitar aure suke yi. In na wannan suri suna tashi a wani lokaci, na wancan a wani lokacin daban, ba za su haɗu su hayayyafa ba, kuma in aka daɗe a haka sai a wayi gari sun zama iri biyu. Malam Gide ya ce shi a wurinsa gara gara ce, amma ya ɗaga mata ƙafa zuwa ruwan shuka.

Aka kuwa sheƙa ruwan. Da magariba shingen surin gabas suka yi ta tuttuɗowa, Amatullah ta cika kwalabenta, matan unguwa suka cika kwanukan suya. Na yamma ko motsi. Uban ya ce wannan mataccen suri ne, gobe zai baje shi ya yi shuka. Ta ce da ransa, ta ga ɗanyen gini a jikinsa, ruwa na gaba yake jira. A nan ne ta yi kuskure, ga shi ta faɗa da cika baki.

Washegari bayan sallar asuba ta koma barci. Da ta farka rana ta fito, digar da ke zaure kuma babu ita. Ta figi mayafi ta nufi gona, tana ji a ranta wahalar shekara guda ta tashi a banza.

A kan hanya ta ci karo da uban, ba diga a kafaɗarsa, kansa kuma a buɗe. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin furfurar mahaifinta a waje ba. Hular tana hannunsa, ya damƙe bakinta gam, wani abu yana motsi a ciki. Fukafukai sun manne masa a gemu da gaban riga.

"Ina isa na iske suna hita," in ji shi. "Ban da abin zubawa. Amshi maza, ɗiyata, kar su mutu ki ce ba na surin yamma ba ne."