Inda Kabad Ya Tsaya

Tsawon ɗakin ƙafa goma sha takwas ne, faɗinsa tara. Adizatu ta san haka domin ta taɓa aunawa da tef ɗinta na ɗinki, wata rana da babu kowa a gida. Ƙaninta Garuba bai taɓa aunawa ba. A wurinta wannan kaɗai ya isa a san ko wane irin mutum ne.

Ɗakin mahaifinsu ne, a wani tsohon gidan gado cikin Zangon Kumasi. Ƙofa biyu gare shi, ɗaya tana fita tsakar gida, ɗaya tana fita lungu. Taga kuwa ɗaya ce tak. Da mahaifin ya rasu, shekara ashirin da huɗu ke nan, malamin da ya raba gado ya faɗi abin da kowa ya sani: namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Wato ƙafa goma sha biyu na Garuba, shida na Adizatu, taga kuma tana cikin rabon Garuba. Sai dai a ranar babu bulo, babu siminti. Malam ya ce a gitta kabad ɗin marigayiya mahaifiyarsu a tsakani kafin a sami hali. Ƙarti huɗu suka ja shi, suka gaji a daidai tsakiyar ɗaki, suka ce nan ne. Garuba a lokacin yana tuƙa babbar mota tsakanin Kumasi da Bawku, bai ma tsaya ya ga ƙarshen aikin ba. Haka taga ta zama ta Adizatu, kuma a ƙarƙashinta ta ajiye keken ɗinkin da take ci da shi.

Kabad ɗin na katakon odum ne mai ƙarko, ya fi mutum tsayi, ya kusa cike faɗin ɗakin. Ɗan ratar da ya rage labule ne ke rufe shi. Gabansa yana kallon Adizatu. Sama gilashi ne mai hawa uku: tasoshin fenti jere bisa jere, kwanukan tangaran da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, butocin shayi biyu, kwalaben turare. Ƙasa ƙofofin katako ne masu makulli, inda take ajiye atamfofin mutane, sukari, maganin hawan jini, takardun haihuwa na kusan rabin gidan, da farin yadin likkafaninta a cikin leda. Kowace ƙafa ta kabad ɗin tana tsaye cikin gwangwanin madara mai baƙin mai, saboda gara da kiyashi.

Bayansa shi ne rabon Garuba. Ƙusa shida ya buga, ya rataya jallabiya, da rediyo, da kalandar wata shekara da ta wuce tuntuni.

Akwai kuma abin da Adizatu kaɗai ta sani. Duk shekara, kwana biyu kafin ƙaramar Sallah, takan kwashe kayan kabad ɗin kaf ta wanke. Idan ya zama fanko, Garuba kuma yana benci a bakin masallaci yana gyara duniya da baki, sai ta goga sabulu a siminti, ta jingina bayanta, ta tura. Faɗin yatsa ɗaya, ba ta ƙarawa. Gwangwanayen sukan bar zoben tsatsa a inda suka tashi, ita kuma takan ja ledar ƙasa ta rufe. Da zoben ya yi yawa sai ta sayo ƙarin leda. Garuba ya taɓa cewa a gaban mutane wai ɗaki ma idan ya tsufa tsukewa yake kamar mutum. Ya sayar da babban gadonsa ya sayi ƙarami. Adizatu ba ta yi dariya ba. Ba ta ga abin dariya a wauta ba.

Ranar wata Laraba ’yarta Hikma ta zo daga unguwar Kwadaso, inda take aure a gida mai katanga da falon da murya ke amsawa a cikinsa saboda rashin kaya. Ta tsaya gaban kabad ɗin tana ɗaukar hotonsa da waya.

“Mma, kin san yanzu irin wannan antik ake ce masa, wato kayan tarihi? Na ga wani a otal, bai ma kai wannan kyau ba.”

“Da can da kike cewa yana warin kafur, mene ne sunansa?”

“Ai lokacin ban waye ba. Mma, ni aka bar wa shi fa. Kaka ta faɗa ranar sunana, duk matan gidan nan sun ji.”

Gaskiya ne, kuma matan da suka ji suna nan da ransu, ba su da aikin da ya fi tuna irin wannan.

“Me za ki zuba a ciki?”

“Faranti uku haka, da ɗan fure. Ba a cika shi, Mma. Cikawa ce ke ɓata shi.”

Adizatu ta dubi ’yar da ta haifa, ta yi mata makaranta da kuɗin ɗinki, yau ga ta tana son ɗaukar kabad mai cin kayan gida guda ta tsayar da shi da yunwa a falo don baƙi su gani.

“Idan kin ɗauke, ni da kawunki mu riƙa kallon juna muna barci?”

“Na riga na yi magana da Kawu. Zan sa a gina muku bango na gaske. Bulo na zuwa jibi.”

Daga bayan kabad muryar Garuba ta fito, domin katako bai taɓa hana shi sauraro ba. “Allah ya yi miki albarka, ’yata. Shekara ashirin da huɗu ina kwana da bayan kabad kamar wanda aka yi wa horo.”

Bulo ya zo ranar Juma’a. Ranar Asabar da hantsi Kimba magini ya iso, dattijo marar yawan magana, da igiyarsa da cebur da tef a aljihu. Hikma ta kawo ƙarti da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, aka tsayar da shi a bakin lungu domin ba zai shiga ba.

Kwashe kayan ya ci awa biyu. Matan gida suka fito taimako, wato kallo. Ayishatu ta ɗakin kusa da famfo, wadda ba ta taɓa mayar da abin aro da kanta ba, ta ɗaga wata tasa ta juya gindinta.

“Yaya Adiza, wannan ba tawa ba ce da ta ɓata?”

“Taki roba ce. Ajiye.”

Aka jera tasoshi a tsakar gida, aka ɗora tangaran a kan tabarma. Abin da shekara sittin ta tara a ɓoye ya bazu a rana, kowa yana ƙirgawa da ido. Ƙartin suka kwantar da kabad ɗin, suka fitar da shi ta ƙofar tsakar gida da ƙyar, Hikma tana bin su tana cewa a yi hankali da gilashi. Ba wanda ya tuna da ƙusoshin Garuba sai da ɗaya ta yage wa wani riga.

Ɗakin ya koma ɗaya. Adizatu ta ga gefen ƙaninta a fili: ƙaramin gado, buta, takalma ƙafa biyu, bango baƙi da hayaƙin maganin sauro. Shi ma ya ga nata, ya ga hasken da ke zuba ta taga a kan keken ɗinki. Ya daɗe yana kallon hasken.

Kimba ya ce, “To, a ina za a ja igiya?”

Garuba ya gyara tsayuwa. Ya sa hula, abin da ba ya yi a gida. “Na yi shawara da mutane,” in ji shi. Adizatu ta san mutanen: tsofaffin direbobi huɗu na bencin masallaci, kowannensu alƙali ne a shari’ar da ba tasa ba. “Sun ce tun da bango za a yi na dindindin, a bi abin da addini ya ce. Biyu da ɗaya. Malam Kimba, fito da tef.”

Kimba ya sa hannu a aljihu.

Adizatu ta yi lissafin da ta daɗe da yi. Idan tef ya fito, ƙafa shida ne. Gado zai shiga, keke ba zai shiga ba. Ko ya shiga, a duhu zai zauna, kuma idonta ya wuce zare allura a hasken ƙwan lantarki. Ba kuma za ta iya musu ba, domin hukuncin malam ne, da shaidu.

Sai ta taka a hankali zuwa bakin ledar ƙasa, daidai inda kabad ya tashi, ta tsaya a kai da ƙafa biyu. Ta ja gefen ledar da yatsan ƙafa kamar mai gyarawa. Ta saci kallon Garuba, ta kawar da kai da sauri. Ta sake ja.

Mutum ne da bai gano abin da ke rage masa ɗaki ba shekara ashirin da huɗu, don haka sai da ta yi sau uku.

“Yaya, me kike takewa a nan?”

“Babu komai. Malam Kimba, auna mana, rana na yi.”

“A’a, dakata. Matsa.”

“Ba zan matsa ba. Ledata ce.”

“Na ce matsa!”

Ta matsa kamar wadda aka fi ƙarfi. Garuba ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya yaye ledar. Ga su nan a kan siminti, layi biyu: zoben tsatsa a kan zoben tsatsa, kowanne ya ɗan gota na bayansa, suna tafiya daga tsakiyar ɗaki zuwa gefensa. Ya sa yatsa yana ƙirgawa a fili. Ya ɓata a sha huɗu, ya sake farawa.

“Ashirin da uku!” Ya miƙe. “Jama’a, ku zo ku gani! Kabad yana tafiya! Ashe ba ɗaki ne ke tsukewa ba!”

Matan suka cika ƙofa. Ayishatu ta kama haɓa. “La ilaha illallahu. Yaya Adiza, ke da kike mana wa’azi a kan bokitin ruwa?”

Hikma ta rufe fuska da gyale. “Mma, don Allah ki ce ba ke ba ce.”

“Gara ce ta tura shi,” in ji Adizatu.

Wannan ya ƙara tunzura Garuba, kamar yadda ta so. Ya aika aka kira mutanen benci, biyu suka zo, da ladanin masallaci. Ya nuna musu zobban ɗaya bayan ɗaya kamar mai nuna gonar da ya noma. Ya ba da labarin gadonsa da ya sayar. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya tuƙa mota shekara talatin bai taɓa kwana a rami ba, babu wanda zai yi masa wayo. Fuskarsa tana sheƙi. Adizatu ba ta taɓa ganinsa cikin jin daɗi irin na yau ba.

Ta bar shi ya ƙoshi, sannan ta ce da murya ƙasa-ƙasa, “To a bar mini ko rabin abin. Na saba da shi.”

“Rabi? Ko faɗin yatsa!” Ya buga ƙafa a kan zoben farko, wanda ya fi kowanne duhu. “Nan aka ajiye shi ranar rabon gadon Baba. Nan bango zai tsaya. Wallahi tallahi ba zai gota nan ba, ko gaba ko baya. Ladan, ka shaida. Ku duka ku shaida.”

“Mun shaida,” in ji ladan.

Ɗaya daga cikin mutanen benci ya buɗe baki, alamar ya tuna shawarar da suka bayar. Garuba ya ɗaga masa hannu. “Bari, Sulley. Na rantse. Yau ta san da namiji take magana.”

Adizatu ta sunkuyar da kai, ta bar su su ga kunyar da suke so su gani. Ƙasa da ƙafa biyu ta mayar, waɗanda dama ba nata ba ne. Ƙafa uku ya bar mata da rantsuwa a gaban ladan, da taga a ciki, yana kuma jiran a yaba masa. Ta yi tunanin uwa ɗaya ce ta haife su, ta rasa yadda aka yi.

Daga waje aka ji baburin kaya ya tashi. Hikma ta leƙo, ba ta haɗa ido da kowa ba. “Mma, zan bi su kada su fasa gilashi. Kayan nan fa, ina za ki zuba?”

“Aiko mini da kwalayen da kika ga dama. Je ki, furenki na jira.”

Kimba ya durƙusa ya buga ƙusa a kan zoben farko, ya ɗaura igiya, ya ja ta zuwa ɗaya bangon. Kafin ya ɗaure, ya dubi ɗakin daga wannan ƙarshe zuwa wancan da idon wanda ya shekara arba’in yana awo. Ya dubi igiyar. Sannan ya ɗago ya dubi Adizatu, ya ɗan jima.

“Malam Kimba,” in ji ta, “za ka sha koko kafin ka fara?”

Ya ɗaure igiyar, ya gwada ƙarfinta da yatsa.

“Da ƙosai, Mma Adiza, idan akwai.”